Rarar Yatsu Biyu

Ni ce mai sa maɓalli a kamfaninmu, kuma ni ce ƙanwar mai kamfanin, saboda haka duk abin da ya faru a ɗakin ɗinkin nan sau biyu yake samuna, a matsayin ma'aikaciya da kuma a matsayin 'yar gida. Mutane suna ganin wannan gata ne. Ni dai abin da na lura, idan an yi abin kunya, rabona ya fi na kowa.

Yayana ne ya fara sana'ar da keken ɗinki ɗaya a wata rumfa, yana ɗinka wa yara kayan makaranta. Shi yake awo, shi yake yanka, shi yake ɗinkawa, ni kuma in zauna gefe da allura ina sa maɓalli ina cika masa kunne da surutu. Sannu a hankali kekuna suka ƙaru, rumfa ta zama shago, shago ya zama dogon ɗaki mai rufin kwano da fankokin da ba sa korar zafi, sai dai su juya shi. Da makarantu suka fara ba mu kwangila, aiki ya fi ƙarfin hannun mutum ɗaya da kan mutum ɗaya. Yaya da kansa ya gane haka, ba wanda ya tilasta shi. Ya kira 'yar autarsa, wadda ta yi karatun kasuwanci kuma ta ɗan yi aiki a wata masana'anta, ya tara mu ya ce daga yau ita ce Manaja, abin da ta ce shi za a yi, har da shi a ciki. Muka tafa. Tafi ai ba shi da wuya.

Auta ba ta zo da wasa ba. A da kowane tela rigarsa yake ɗauka tun daga wuya har kalmasa, ya gama abarsa ya rataye. Ta soke wannan. Ta jera kekuna layi guda, wannan ya haɗa kafaɗa ya miƙa, wannan ya sa hannu, wancan ya ɗora kwala, har riga ta iso wurina tana neman maɓalli. Wani tsohon telanmu da ya faɗa a kan kwala ya yi ta ƙorafi, wai bayan ya tsufa yana ɗinka riga cikakkiya an mai da shi mai wuya kawai. Muka naɗa shi Sarkin Kwala, sarautar ta ɗan sanyaya masa rai.

Ta kuma kawo kwalaye masu kauri da aka yanka daidai siffar kowane ɓangare na riga, ta ce an daina yanka da ido, a ɗora kwali a zana a bi. Ta sayo injin yanka mai ratsa yadi ninki-ninki a wucewa ɗaya, ta ɗauko wanda ya iya shi, wani magidanci mai furfura a gemu, wanda masana'antar da yake yi wa aiki ta rufe. Muka sa masa Mai Inji. Ba ya yawan magana, amma wanda ya taɓa aikinsa ya taɓa idonsa. Abin taƙamarsa guda a duniya shi ne ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Duk waɗannan mun haɗiye su. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne tsayuwar safe. Kullum kafin a kunna kekuna sai mu tsaya mu yi da'ira, a faɗi abin da ya ɓaci jiya, da wanda ya ɓaci a hannunsa, da yadda za a gyara. Ba tara, ba kora, amma sai an ambaci mutum. Auta ta ce kamfanin da ya kai girman namu ba zai rayu da rufa-rufa ba, domin kuskuren da aka ɓoye a keke na farko, shi ne zai isa makaranta a jikin yara. Ta ce ba wanda aka ware, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar farko kanta ta fara ambata, a kan zaren da ta sayo wanda launinsa bai dace ba. Ba a yi nisa ba ta ambace ni, ni goggonta da na goya ta, wai maɓallaina suna kwancewa. Na yi kwanaki ina amsa gaisuwarta da hanci. Amma gaskiya ɗaya ce, suna kwancewar, kuma na gyara.

Abin ya kama. Mutane suka fara ɗaga hannu da kansu, har ana tsokanar juna ana dariya. Kayan da makarantu ke dawo mana da su suka ragu. Duk wannan a kan magana ɗaya ya tsaya, maganar da Auta ta yi cewa ba wanda aka ware. Mun yarda da ita ne saboda mun ga ba ta ware kanta ba, ba ta ware ni ba.

Wuri guda kawai ta yi sassauci. Ta bar wa ubanta teburinsa na bakin taga da almakashinsa. Mai Inji yana yanka hannu da kwala da aljihu, Yaya yana yanka jikin riga, gaba da baya. Ta ba shi kwalayensa ta ce Baba a bi kwali, ya ce to.

Kuma a ganinsa ya bi. Sai dai Yaya tun yana saurayi, layin alli a wurinsa nan allura za ta bi, almakashi kuwa ta waje yake wucewa. Kullum sai ya bar rarar yatsu biyu a kafaɗa da gefe, tela ya naɗe ta a cikin ɗinki, baɗi idan riga ta matse uwa ta farke ta saki. Yaro girma yake yi, in ji shi. Iyaye sun so shi saboda wannan, kuma ba zan ɓoye ba, rarar nan tana cikin abin da ya yi mana suna. Amma kwalayen Auta an riga an sa musu gefen ɗinki a jikinsu, layinsu na almakashi ne. Sabbin kekunan ma datse gefe suke yi suna ɗinkawa, ba inda rara za ta ɓuya. Abin bai fito ba da wuri saboda tsofaffin telolinmu ne a kan kafaɗa da gefe, kuma hannunsu ya saba cinye rarar Yaya ba tare da sun ma yi tunani ba.

Sai muka samu kwangilar da ta fi duk wadda muka taɓa samu, makarantu da yawa ƙarƙashin mai su ɗaya. Auta ta buɗe layi na biyu ta cika shi da sabbin teloli, waɗanda suka ɗinka kamar yadda aka koya musu, daga bakin yadi. Da yamma rigunansu suka fara isowa teburina. Na ɗaga ta farko na ga wuya ya fi kwala faɗi, an tattare shi da ƙyar. Hannu bai cika ramin hammata ba, an ja shi an miƙe har rigar ta murɗe. Na ɗaga ta biyu, na tona ƙasan tarin, duk kanwar ja ce. Na aika a kira Manaja.

Ta zo ta duba. Ta je ta ɗauko hannun riga daga yankan Mai Inji ta ɗora kwali, ya zauna cif. Ta ɗauko baya daga yankan ubanta ta ɗora kwali, yadi ya leƙo ta kafaɗa da gefe. Ta sa yatsunta biyu a kan abin da ya leƙo, suka rufe shi daidai. Sarkin Kwala yana tsaye a bayanmu, ya juya ya koma kekensa a hankali. Kafin a tashi aiki ba wanda bai sani ba, in ban da mutum ɗaya, shi kuwa ya riga ya tafi gida.

Auta ta ce in raka ta ta gaya masa tun kafin safiya, don kada ya fara ji a gaban mutane. Muka same shi a falo da wani maƙwabcinsa, yana ba shi labarin sabuwar kwangila, yana cewa 'yar nan ta yi abin da shi bai iya ba. Da baƙon ya tafi, ya sa aka kawo mana ruwa, ya ce wa Auta akwai abin da ya daɗe yana so ya gode mata. Ya ce ranar da injin nan ya shigo bai yi barci ba, ya ɗauka za a ce ya koma gida ya huta, sai ga shi ta bar masa teburinsa. Ya ce shi duk ranar da aka ce yankansa ba ya amfani, to a fara neman inda za a ajiye shi. Yana faɗa yana dariya. Auta ta buɗe baki, sai kawai ta tambaye shi yaya gwiwarsa. Muka yi hirar gwiwa har muka tashi.

A bakin ƙofa ta ce, "Goggo, ta ina zan fara?"

Na riƙe hannunta muka kama hanya. Tausayinta nake ji, tausayinsa nake ji, kuma ina tsoron safiya.

Safiya kuwa ta yi. Muka tsaya, tarin rigunan yana tsakiya a kan benci. Auta ta ɗaga ɗaya ta nuna wuya ta nuna hammata, ta yi bayanin cewa ɓangarorin ba su haɗu ba. Kowa yana jiran abin da ya saura. Ta kalli rigar, ta kalli ƙasa, ta ce, "Kuskuren daga sashen yanka yake. Za mu gyara."

Sashen yanka mutum biyu ne. Ba mai iya ɗaga ido ya kalli Maigida, kuma ido dole ya sauka a wani wuri, sai duk ya sauka a kan Mai Inji. Shi ma ya san gaskiya, tun jiya ya gwada yankansa da kwali. Ya kalli Manaja yana jira ta ƙara kalma ɗaya. Ba ta ƙara ba.

Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Sai Yaya ya matso ya karɓi rigar, ya juya ta, ya sa yatsa a hammata. A idonsa abin a fili yake: jiki daidai, hannu ne ya gaza. Ya girgiza kai ya fuskanci Mai Inji, ya fara yi masa nasiha, da murya mai taushi irin ta uba, wadda ta fi zagi ciwo. Ya ce inji sauri ne da shi amma ba shi da ido, mai riƙe da shi ne zai ara masa. Ya ce yanka amana ce, wanda ya yi ganganci a tebur ya ɓata gumin duk waɗanda ke bayansa. Ya ce shi tunda yake bai taɓa yanka hannun da ya kasa cika hammata ba. Daga ƙarshe ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, kowa yana kuskure, in ya sami sarari ya zo teburinsa ya nuna masa yadda ake yi.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Yayana ne, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, yana tsaye da dattakonsa yana koyar da darasi a kan laifin da yake nasa, ɗaki guda ana kallon ƙafa. Wata daga cikin sabbin teloli ta toshe bakinta da mayafi. Auta ta ƙame da rigar da ta sake ɗauka a hannunta.

Mai Inji ya ce, "Na gode, Maigida." Ya je ya kunna injinsa.

Muka farke rigunan ɗaya bayan ɗaya, muka datse, muka sake ɗinkawa. Kaya suka isa a makare, wakilin makarantun ya ce wannan karon sun yi haƙuri, amma kashi na biyu in ya zo haka to su da mu sai wata rana. Ga shi kuwa Yaya yana nan a bakin taga yana ta yanka kashi na biyun, da rararsa, har da ƙarin ƙwazo, tunda a ganinsa yanzu shi kaɗai ya rage mai ido a sashen.

Dabarar da Auta ta fito da ita ita ce, kullum da rana idan ya tafi gida cin abinci da ɗan kishingiɗa, sai mu kwashi abin da ya yanka mu ɗora kwali mu datse rarar, mu mayar yadda ya bari. Ta ce na ɗan lokaci ne, kafin ta sami hanyar yi masa magana. Da injin yanka aikin ba zai ɗauki komai ba, don haka ta je ta roƙi Mai Inji. Ya saurare ta har ta gama, ya goge hannunsa da ƙyalle.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni da injina ba mu da ido. Kada mu ƙara ɓata muku."

Sai ya zama ita da ni da Sarkin Kwala ne muke yi da almakashi, muna sauri muna leƙen ƙofa kamar masu sata, mu share ƙyallayen mu tura ƙasan buhun shara. Manajar kamfani guda, mai ofis da kujera mai juyawa, ta koma tana datsar yadi a ɓoye a cikin kamfaninta, kowa yana gani yana yi kamar bai gani ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tsayuwar safe kuwa ta mutu a tsaye. Muna zuwa, muna yin da'irar, Auta ta tambaya me ya ɓaci jiya, a ce lafiya lau. Ba mai ɗaga hannu, ba mai tsokana. Riga mai karkataccen aljihu sai ta ratsa layi gaba ɗaya, kowa ya gan ta ya miƙa gaba. Wata safiya Auta ta gaji ta ɗaga irin wannan rigar, ta ambaci matar da ke sa aljihu. Matar ta gyara tsayuwa, ba tare da ta ɗaga murya ba ta ce, "A ce sashen aljihu mana, Manaja."

Wani ya yi tari don ya rufe dariya. Yaya ya ɗaure fuska ya tambaye ni a hankali wace irin rashin kunya ce wannan, na ce masa ban ji abin da ta ce ba. Auta ta ninke rigar ta ce a je a fara aiki. Ranar na same ta a sito tsakanin bandir-bandir na yadi, ba kuka take yi ba, tana zaune ne kawai. Ta ce min duk abin da ta gina a ɗakin nan da bakinta ta gina shi, kuma da bakinta ta rushe shi. Ta ce ta ji ana cewa Mai Inji yana neman aiki a wani wuri, kuma ba ta da fuskar da za ta ce masa ya zauna. Na ce to ta gaya wa ubanta mana. Ta ce kullum da niyyar haka take fitowa daga gida, amma yanzu abin ya zama biyu: da, kuskure kawai za ta gaya masa, yanzu kuwa sai ta haɗa da cewa ta bar shi ya yi wa mutum faɗa a banza a gaban jama'a.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata rana Yaya ya manta tabaransa a kan tebur, ya kai rabin hanya ya juyo. Ba mu ji shigowarsa ba saboda ƙarar fanka. Na ɗaga kai kawai na gan shi tsaye, Auta tana duƙe a kan teburinsa da almakashinsa a hannunta, siraran ƙyallaye sun zuba a ƙasa har kan takalminta. Sarkin Kwala ya ajiye nasa almakashin ya ce bari ya je ya sha ruwa, bai dawo ba.

Yaya ya sunkuya, da gwiwar nan tasa, ya ɗauki ƙyalle ɗaya. Ya ɗora shi a kan yatsunsa. Ya tambaya me ake yi wa yankansa. Auta ta yi masa bayani, muryarta ƙasa-ƙasa, cewa kwalin da gefensa ya zo, layinsa na almakashi ne, kuma rarar ce take hana hannu da kwala zama. Ya ɗauki kwali ya ɗora a kan wanda ba mu kai gare shi ba, ya daɗe yana kallo. Yaya ba wawa ba ne, kallo ɗaya ya ishe shi, sauran kallon na wani abu ne dabam.

Ya ce, "Rigunan nan da suka ɓaci?"

Auta ta gyaɗa kai.

Ya ce, "Da na tsaya ina yi wa bawan Allah nan faɗa, kin sani?"

Ta ce, "Na sani, Baba."

Ya juyo wurina. "Ke ma?"

Na ce har ni.

"Su wa kuma?"

Na ce, "Duk ɗakin, Yaya."

Na ga fuskar yayana ta yi wani iri da ban taɓa gani ba, ko ranar da aka yi mana gobara a tsohon shago. Ba fushi ba ne, da fushi ne da na ji sauƙi. Ya kalli dogon ɗakin, kekuna a jere, 'yan tsirarun da ba su fita cin abinci ba kowa ya sunkuyar da kai a kan abin da ba ya bukatar kallo. Ya ajiye ƙyallen a kan tebur a hankali ya fita. Da yamma muka je gida, matarsa ta ce tun da ya dawo ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya, ya ce kada a tashe shi ko wane ne. Auta ta tsaya a bakin ƙofar ta yi sallama, ba a amsa ba.

Na tabbata ba zai sake taka kamfanin ba. Na san halinsa, mutum ne da gara ya yi asara da a yi masa dariya. Amma da na iso da safe na tarar ya riga kowa, yana tsaye a inda ya saba tsayawa, hannuwansa a baya. Mutane suka yi ta shigowa suna gaishe shi a ɗarare, yana amsawa. Mai Inji ya shigo a ƙarshe ya tsaya can baya kusa da ƙofa, inda ya koma tsayawa tun ranar nan.

Auta ta fito daga ofis, idonta ya nuna ba ta yi barci ba. Ta tambaya me ya ɓaci jiya. Aka ce lafiya lau. Ta buɗe baki za ta sallame mu, sai Yaya ya ce akwai maganar rigunan kashi na farko, ba a ƙarasa ta ba. Na ce a raina to, zai ɗauke mata nauyin, zai faɗa da bakinsa, kowa ya huta. Ita ma haka ta zata, na ga kafaɗunta sun sauka.

Ya ce, "Manaja, a hannun wa suka ɓaci?"

Ta ce, "Baba..."

Ya ce, "Ba ni na kafa dokar ba, ke kika kafa. In ni na faɗa, gobe za a ce Maigida ne ya ga dama. Faɗi."

Yarinyar nan da aka yi wa tarbiyyar ko ido ba ta haɗawa da ubanta, ga ta an ce ta kwance masa zane a kasuwa, kuma shi ne ya ce. Ta ce, da ƙyar muka ji mu da ke kusa, jikin rigar ne aka yanka da rara, kuma yankan Baba ne, hannu da kwala daidai suke.

Yaya ya ce, "Yana can baya, bai ji ba. Ranar da na yi masa faɗa ba wanda bai ji ni ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta ɗaga kai ta kalli ƙofa, ta ɗaga murya har ta fashe.

"Kuskuren na Baba ne. Yankan Mai Inji ba shi da aibu ko kaɗan. Na sani tun ranar, na yi shiru."

Ba wanda ya motsa. Ni dai na kama gefen benci. Yaya ya gyaɗa kai ya ce yanzu kam an ji. Ya so ya ƙara wani abu, ya juya wajen ƙofa inda Mai Inji yake tsaye. Sai na ga yana laluben bayansa da hannu, yana neman abin da zai zauna a kai, babu komai a wurin sai fili. Mai Inji ne ya ratso mutane da kujera.